Yadda ake shuka furen Erika da kula da ita har ta yi shekaru tana fure

Jama'a duk wanda ya taɓa ganin Erika a lokacin da ta cika da fure ya san abin da nake nufi idan nace shuka ce mai shiga rai. Ƙaramin itace ne mai cunkoson rassa, ganyenta ƙanana ne sirara kamar allura, kore shar duk shekara baya zubewa, furenta kuma kamar 'yan ƙananan ƙararrawa jere a jikin reshe, wata fari wata ruwan hoda wata ja wata shunayya. Amma fa tana cikin shuke-shuken da suka fi mutuwa a hannun masu sonta, kuma kusan kullum abu ɗaya ne yake kashe ta, wato saiwa. Mutum yana ta kallon furen sama alhali rayuwarta gaba ɗaya a ƙasa take.

Bari in fara da saiwar tunda duk abin da zan faɗa a gaba daga nan ya taso. Saiwar Erika siririya ce kamar gashin kai, bata nutsewa can ƙasa, a sama-sama take bazuwa, kuma tana zaune ne tare da wani irin fangas (ƙwayar halitta dangin naman kaza) mai amfani wanda yake taimaka mata tsotso abinci daga ƙasar da bata da ƙarfi. To irin wannan saiwar in ta bushe sau ɗaya ta bushe kenan, in kuma ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, sannan galibi bata iya shan sinadarin ƙarfe sai a ƙasa mai tsami. Abu uku kenan: kar ta bushe, kar ta jiƙe sharkaf, kar ƙasar ta zama mai alli.

Mataki na farko, ka san wacce kake da ita

Wannan shi mutane ke tsallakewa kuma shine babba. Dangin Erika sun haura iri 800, kuma kusan 700 daga ciki a Afirka ta Kudu suke, galibi a yankin Kef, sauran galibi suna Madagaska da Turai da ƙasashen bakin Bahar Rum da kan tsaunukan gabashin Afirka. Kaga kuwa wadda ta saba da dusar ƙanƙarar tsaunukan Alfs na Turai ba zata so abin da ta Kef take so ba.

Erica carnea ita ce ta tsaunukan Turai, gajeriya ce, santimita 15 zuwa 25, tana shimfiɗuwa kamar darduma, tana fure a tsakiyar sanyi tun daga Disamba har Afrilu a ƙasashen arewacin duniya, wani lokacin ma dusar ƙanƙara na kanta furen na leƙowa. Ita ce mafi haƙuri, har ƙasa mai ɗan alli tana jurewa. Sai Erica x darleyensis, wadda haɗin aure ce tsakanin carnea da Erica erigena, ta samo sunanta daga Darley Dale a Ingila inda ta ɓulla a wani gandun rainon shuke-shuke a ƙarshen ƙarni na 19, ta fi carnea tsayi da faɗi kuma ita ma bata da tsirfa sosai kan ƙasa. In kai sabon shiga ne wallahi shawarata ka fara da ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Akwai Erica cinerea da Erica tetralix masu fure lokacin zafin Turai, su kam dole sai ƙasa mai tsami, babu sassauci. Akwai 'yar'uwarsu Kaluna, wato Calluna vulgaris, wadda yawancin mutane ke ɗauka Erika ce, ba ita bace amma gida ɗaya suka fito kuma kulawarsu kusan ɗaya, zaka gane ta da ganyenta da yake kwance a jikin reshe kamar ɓawon kifi ba tsaye kamar allura ba, tana fure daga Agusta zuwa wajen Oktoba. Akwai Erica gracilis ta Kef da ake yawan sayarwa a tukunya cike da fure, ita ƙanƙara mai ƙarfi na kashe ta. Sannan ga Erica arborea wadda ita itace ce sosai, tana wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, ana samunta a bakin Bahar Rum da tsaunukan Habasha da Kilimanjaro.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa tun yanzu, irin na Turai ba sa son zafi mai tsanani haɗe da gumi, suna son dare mai sanyi. Idan inda kake rana na dukan ƙasa har dare bata huce ba, kada ka wahalar da kanka da Kaluna ko carnea, nemi irin na Kef ko na Bahar Rum, ka sa a tukunya inda zaka iya matsar da ita, su ma ɗin suna buƙatar iska mai kaɗawa da ɗan sanyin dare. Watannin da nake ambata kuma na arewacin duniya ne, wanda ke kudu sai ya juya lissafin da wata shida.

Mataki na biyu, gwada ƙasar kafin ka kashe ko sisi

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, 7 shine tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka alli. Kaluna da cinerea da na Kef suna son wajen 4.5 zuwa 5.5, carnea da darleyensis kuma zasu rayu har kusan 7 ko ɗan sama kaɗan in ƙasar tana da ruɓaɓɓen ganye da yawa. Akwai 'yar takardar gwaji ko ƙaramin na'ura da ake sokawa a ƙasa, ka ɗebi ƙasa daga wuri uku ko huɗu a zurfin kamar tafin hannu, kada ka dogara da wuri ɗaya. In baka samu abin gwaji ba ga wata dabara ta gaggawa, ɗebi busasshiyar ƙasa a cokali ka ɗiga mata khal, in kaga tana kumfa tana tsuwwa to akwai alli da yawa a ciki. Wannan ba zai gaya maka lamba ba amma zai gaya maka kar ka soma.

In ƙasar ta ɗan haura kaɗan ne kawai, ana iya sauko da ita da garin farar wuta, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ledar, ka cakuɗa, ka jira, domin ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke juya farar wutar ta zama tsami kuma aikin na ɗaukar watanni, ba yau a zuba gobe a shuka bane. Amma in ƙasarka kan dutsen alli take zaune, kada ka yi faɗa da ita, ba zaka ci nasara ba, duk abin da ka zuba bayan shekara ɗaya ko biyu allin zai dawo. Ka yi tukunya ko ka ɗaga kwami sama da ƙasar da ka haɗa da kanka, hankalinka kwance.

Sai tsanewar ruwa. Haƙa rami kamar zurfin santimita 30 ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsane, ka sake cikawa, in bayan 'yan awoyi ruwan na nan kwance to wurin laka ne kuma saiwar zata ruɓe. Maganinsa ka ɗaga wurin ya zama tudu, ka haɗa da yashi mai gautsi da niƙaƙƙen ɓawon itacen fayin (bishiya mai ganye kamar allura) da ruɓaɓɓen ganye. Kada ka haƙa rami a cikin laka ka cika shi da ƙasa mai kyau kace ka gyara, randa ka gina, ruwa zai taru a ciki ne kawai.

Wuri kuma a taƙaice, rana take so, aƙalla awa shida, a inuwa sai ta yi tsayi siririya fure kaɗan, masu ganye launin zinariya kuma su koma kore. Kada ka sa ta ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye domin ganyen zai rufe ta ta ruɓe. Kada ka manna ta da katangar siminti ko inda aka zubar da ɓaraguzan gini, siminti na sakin alli a hankali. A wuri mai zafi kuwa ranar safe da inuwar yamma ta fi.

Mataki na uku, zaɓen dashe

Idan kaje saye kada fure ya ruɗe ka. Ka shafa shukar da tafin hannu a hankali, in ganye ya zubo kamar gari ajiye ta, ta riga ta tafi. Ka lanƙwasa ƙaramin reshe, mai rai zai lanƙwasu ya dawo, matacce zai karye ƙaras. Ka ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, in ta yi sakayau kamar babu komai an bar ta ta bushe. In mai wurin ya yarda ka zare ta daga tukunyar ka ga saiwa, mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, ba baƙa mai wari ba. Ƙarama mai cika daga ƙasa har sama ta fi babba mai ƙafa tsirara, ƙaramar ta fi saurin kamawa.

Wani abu da yake min ciwo shine waɗanda ake fesa wa fenti, zaka ga Kaluna shuɗiya ko ruwan lemo ko kore mai ƙyalli, wannan ba launinta bane rini ne, sabon tohon da zai fito kore zai fito. Akwai kuma irin Kaluna da aka samar wadda furenta baya buɗewa sam, yana daɗewa da launinsa kam, amma ƙudan zuma basa samun komai a ciki, to in don zuma da malam buɗe littafi kake so ka zaɓi mai buɗewa.

Mataki na huɗu, dasawa

Lokacin da ya fi shine sanda ƙasa ke da damshi kuma babu zafi mai yawa babu ƙanƙara, a ƙasashe masu sanyi wajen Satumba da Oktoba ko Maris da Afrilu. Ka cire duk wata ciyawa mai saiwa daga wurin tun kafin ka dasa, domin in Erika ta bazu ciyawa ta tsiro ta tsakiyarta ba zaka iya cire ta ba tare da yi wa saiwar rauni ba.

Anan zan tsaya in ba da labarin ta farko da na shuka, domin har yau ina jin zafin abin. Na zare ta daga tukunya na sa a rami na rufe, kullum ina ba ta ruwa, sati huɗu tana nan da furenta ruwan hoda kamar ba komai, ina ta murna. Ranar da na sa hannu na shafa ta sai ganyen ya zubo min a tafi gaba ɗaya. Da na tono ta sai na tarar dunƙulen saiwar yana nan da siffar tukunyar kamar yadda na sa shi, ko gashi ɗaya bai fita waje ba, cikinsa a bushe ƙamas, ƙasar gefe kuwa jiƙe. Ashe ruwan da nake zubawa gefe yake bi ya wuce. Ƙasar da ake rainon su a ciki in ta bushe ƙin shan ruwa take yi, kuma ita Erika ko ta mutu bata nunawa da wuri, furen da ganyen suna nan maƙale na makonni.

Saboda haka kafin komai ka tsoma tukunyar gaba ɗaya a bokitin ruwa, ka danna ta har ruwa ya rufe saman, zaka ga kumfar iska na tasowa, ka bari sai ta daina, kamar minti 15 zuwa 20. Sannan ka zare, ka duba saiwar, in ta naɗe kamar tabarma ka sa yatsa ko tsinke ka ɗan warware gefe da ƙasan, in ta yi tauri sosai ka sa wuƙa ka yi mata tsaga mara zurfi guda uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa. Kar ka ji tsoro, wannan tsagar ce ke sa ta fitar da sabuwar saiwa zuwa waje.

Ramin ya ninka dunƙulen sau biyu a faɗi amma zurfinsa daidai da shi, tunda saiwar gefe take tafiya. Ka zaunar da ita yadda ƙananan rassan ƙasa zasu kusan taɓa ƙasa, ka mayar da ƙasar da ka cakuɗa da ɓawon fayin da ruɓaɓɓen ganye, ka danna da hannu ba da ƙafa ba, ka ba ta ruwa sosai har ƙasar ta zauna. Tsakanin ɗaya da ɗaya santimita 30 zuwa 45 ga ƙananan, darleyensis kuma ka ba ta kamar 50 zuwa 60 don tana faɗi. Zai yi maka kamar fili ya yi yawa a shekarar farko, ka yi haƙuri, cikin shekara uku zasu haɗe. Ni nafi son a dasa iri ɗaya guda uku ko biyar a gungu, launin ya fi fitowa fiye da a warwatsa su ɗai-ɗai.

Daga nan ka lulluɓe ƙasar da ɓawon fayin ko busasshen ganyensa kaurin santimita 3 zuwa 5, amma ka bar ɗan fili a gindin kada ya manne da kara. Wannan lulluɓin yana riƙe damshi, yana sanyaya saiwa, yana hana ciyawa, kuma yana ƙara ɗan tsami. Bayan haka fartanya ta yi nesa da wurin, ciyawar da ta fito da hannu zaka tuge ta.

Mataki na biyar, ruwa

Shekarar farko ita ce ta gwaji. Kada ka yi wa kanka jadawali kace duk Litinin da Alhamis, yatsanka shine ma'auni, ka soka shi kusa da gindin zuwa gaɓa ta biyu, in kaji sanyin damshi ka bari, in kaji ya fara bushewa ka zuba a hankali a gindin har ya ratsa. Yayyafi sama-sama kullum ba shi da amfani, gara ka ƙosar da ita sannan ka bari saman ya ɗan sha iska. Da safe ya fi, kuma a ƙasa ba a kan ganye ba. Bayan shekara biyu in ta kafu zata iya jure ɗan fari, amma wadda ke tukunya har abada a hannunka take.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Idan butar da kake dafa ruwa tana yin farin dafi a ciki, ko sabulu baya kumfa sosai, to ruwanka mai alli ne, kuma duk zubawa ɗaya kana ƙara wa ƙasar alli kaɗan kaɗan har tsamin ya ƙare. Ruwan sama shine abin sonta, ka tara a ganga. Amma in ya ƙare kuma shukar na jin ƙishi ka ba ta wanda kake da shi, ruwa mai alli a hankali yake cutarwa, bushewa kuwa kwana biyu ta isa.

Taki

Nan ba sai na daɗe ba, domin a asalinta shukar ƙasa mara ƙarfi ce kuma yawan taki ƙona saiwar yake yi. Kashin kaji, kashin shanu ɗanye, toka, duk ka nesanta su da ita, toka ma tana da alli sosai. In kaga girman ya ja baya ka ba ta ɗan takin da aka yi don shuke-shuke masu son tsami, irin na furen azaliya, rabin abin da aka rubuta, sau ɗaya a shekara lokacin da sabon toho ya fara. Na Kef kuma basa jure sinadarin fosfaras mai yawa, ka kiyaye su da takin zamani na gama-gari.

Mataki na shida, aski

Wannan shine bambancin wadda take zama dunƙule kyakkyawa shekara goma da wadda take zama tsinke-tsinke cikin shekara uku. Erika a ƙarshen reshe take fure, in furen ya bushe wurin ya zama tsirara, sabon toho ya ɗora daga samansa, to in baka aske ba duk shekara tsirarar na ƙaruwa, tsakiyar ta buɗe, rassan su kwanta gefe.

Ƙa'idar ita ce ka aske da zarar fure ya gama, ka yanke daidai ƙasan busasshen furen, amma ka tabbata ka bar koren ganye a ƙasan inda ka yanka. Kada almakashinka ya shiga tsohon itace mara ganye, yawancinsu basa sake tohowa daga nan, in ka yanka ya zama gurbi kenan har abada. Ni yadda nake yi, in tattaro rassan da hannun hagu kamar zan kama gashi, in duba inda koren ya tsaya, in yanka sama da shi, sannan in bi gefe in zagaye ta ta zama kamar kifaffen kwano, in girgiza ta yankakkun su zubo kar su ruɓe a ciki.

Carnea da darleyensis ana aske su wajen Afrilu zuwa Mayu bayan furen sanyi, kuma kada ka makara, domin tun tsakiyar shekara suke fara ɗaura furen baɗi, in ka aske a Agusta furen ka zubar. Carnea ma aski kaɗan take so, wani lokaci shekara biyu sau ɗaya ya isa. Kaluna da masu furen lokacin zafi kuma a bar musu busasshen furen ya kare su daga sanyi, sai Maris ko farkon Afrilu a aske kafin toho, ita Kaluna duk shekara ne babu fashi. Arborea kuwa zaka iya sare ta sosai ta sake tohowa daga gindi.

In a tukunya ce

Tukunyar dole ta kasance da huji a ƙasa, mai faɗi ta fi mai zurfi. Haɗin da nake yi kashi biyu ƙasar shuke-shuke masu son tsami, kashi ɗaya ɓawon fayin, kashi ɗaya yashi mai gautsi wanda aka wanke, banda yashin bakin teku mai gishiri da ɓawon katantanwa. Kada ka bar ruwa kwance a farantin ƙasa. Baƙar tukunyar roba a rana tana dafa saiwa, ka saka ta cikin wata babba ko ka sa mai haske. Kuma Erika ba shukar ɗaki bace, in ka shigo da ita don ado kwana kaɗan ne, wuri mai sanyi kusa da taga, nesa da abin ɗumama ɗaki, sannan ta koma waje. Duk shekara biyu ka sauya mata ƙasa da tukunyar da ta ɗan fi girma kaɗan.

In ta fara nuna damuwa

Sabon ganye ya yi rawaya, wannan alli ne ya hana ta shan ƙarfe, ka sake gwada ƙasar, ka koma ruwan sama, ka ba ta maganin ƙarfe na shuke-shuke da ake narkawa a ruwa, zai dawo da koren amma gyaran ƙasar shine na dindindin. Gefe ɗaya ya yi toka-toka ya yanƙwane sannan ya koma ruwan ƙasa alhali ƙasar a jiƙe take, musamman lokacin ɗumi, to ruɓar saiwa ce da ake kira fayitoftora, ba ta da magani a lambun gida, ka tuge ta da ƙasar gindinta ka zubar nesa, kada ka sa a ramin taki, kada kuma ka sake dasa wata a gurbin sai ka gyara tsanewar ruwa. In kana shakka ko tana da rai ka kankare ɓawon reshe da farce, kore a ciki akwai rai, ruwan ƙasa a bushe babu. Ka kuma sani wasu iri ganyensu na komawa ja ko ruwan tagulla lokacin sanyi, wannan adonsu ne, kar ka tuge lafiyayyar shuka.

Yadda zaka ninka ta

Ko da kulawa mai kyau bayan shekara 10 zuwa 15 yawancinsu suna tsufa su buɗe, don haka tun tana da ƙarfi ka fara tanadin magada. Hanya mafi sauƙi kwantar da reshe. Ka zaɓi reshen gefe mai laushi, ka ɗan kankare ƙasansa, ka kwantar da shi a ɗan rami mara zurfi da ka sa yashi da ƙasa mai tsami, ka danne da lanƙwasasshiyar waya ko dutse, ka rufe ka bar kan a waje yana kallon sama. Ka riƙa jiƙa wurin, ka manta da shi kamar shekara guda.

In kana son da yawa sai yankan reshe, wajen Yuli zuwa Satumba lokacin da sabon reshe ya fara ƙwari amma bai zama itace ba. Da safe ka yanko kan rassan da basu da fure, tsawon santimita 3 zuwa 5 kawai, ka zage ganyen rabin ƙasa da yatsa a hankali, ka huda da tsinke a haɗin rabi yashi rabi ƙasa mai tsami, ka soka rabin tsawon, ka jera su da ɗan tazara, ka yayyafa ruwa, ka rufe da farar leda wadda bata taɓa su, ka ajiye a wuri mai haske amma rana bata bugawa kai tsaye. Duk bayan kwana biyu ko uku ka buɗe ka karkaɗe raɓar da ta taru, ka cire duk wanda ya yi baƙi. Wajen sati shida zuwa goma zaka ga kan wasu ya yi sabon kore mai haske, in ka ɗan ja a hankali kaji ya riƙe to saiwa ta fito. Ranar da na fara ɗago ɗaya da bakin cokali naga fararen zare uku da ƙyar ido ke ganinsu riƙe da ƙwayoyin yashi, na daɗe ina kallo kafin in mayar. Ka sa fiye da yadda kake buƙata don ba duka ke kamawa ba, ka riƙa buɗe ledar kaɗan kaɗan har su saba da iska, sannan kowanne ya samu 'yar tukunyarsa, ka tsinke kan don ya yi rassa.

Shuka daga iri ma ana yi amma yana da jinkiri kuma 'ya'yan ba lallai su yi kamar uwar ba, irin ƙanana ne kamar ƙura, a saman ƙasa ake barbaɗawa ba a rufewa, na Kef da yawa kuma sai sun ji hayaƙi suke tsirowa da kyau domin a dajinsu bayan gobara suke fitowa, shi ya sa ake jiƙa su a ruwan da aka ratsa da hayaƙi.

Shi kuma reshen nan da ka kwantar, bayan shekarar ka tona gefensa da yatsa, in kaga saiwa ka yanke shi daga jikin uwar amma ka bar shi a wurin kamar wata guda ya saba da ciyar da kansa, sannan ka ɗauke shi da ƙasarsa a rana mai lumshi, ka tsoma, ka dasa, ka lulluɓe gindin, ka koma auna damshi da yatsa kamar yadda ka yi wa ta farko.